Gidan Wa Kaka Biɗa?

Ƙarfe biyun dare a Mabera,
fanka na kaɗa mini iska mai ɗumi,
ni da kwamfuta mun zuba wa juna ido
kamar mai bashi da mai bin sa.

Kwantena biyar na tayar a cikinta,
kowace da ɗakinta, kowace da aikinta:
mai tsaron ƙofa, ma'aji, ɗan aike,
mai ƙirga buhunan albasa
da ke sauka daga Goronyo da Wurno,
sai auta, mai yanka rasit.
Mako uku Alhaji Ladan ya ɗiba mini,
na cinye biyu da rabi.

Jiya sun gaisa lafiya lau.
Yau da la'asar aka ɗauke wuta,
da ta dawo na tashe su,
kowa ya farka da sabuwar lamba.
Mai ƙofa ya kira ma'aji a tsohuwar,
mai rasit ya ɗaga, ya ce, ba nan ba ne.

Na ce, to, nemi shi a gida.
Ashe gida a bakin kwantena
ba gidanmu na gandu ba ne,
cikin cikinta take nufi.
Ta leƙa ɗakinta, ba kowa sai ita,
ta maido mini da jan rubutu:
an yi sallama, ba a amsa ba.

Da hantsi batir ya fara kuka.
Na saɓa shi, na tare ɗan kabu-kabu,
wani Jelani, hularsa ta sha rana.
Na ce, Runjin Sambo, lamba sha bakwai.
Ya dube ni ta madubi:
"Wagga lamba bara anka shafa ta,
bana an sake. Gidan wa kaka biɗa?"
Na ce, Modi mai gyaran batir.
Ya ce, "Ai da hakanan ka ce."

Mun isa, shago a kulle, Modi ya tashi.
Jelani ko gezau.
Ya taka birki gaban mai kanti,
mai kanti ya ce bai sani ba,
amma ya san wanda ya sani.
Baki uku muka bi,
sai ga Modi bayan masallaci, hannu duk asid.

Tun a kan babur na fara gyara.

Na dawo ko ruwa ban sha ba.
Na tara su biyar a unguwa guda,
na naɗa musu ƙaramin mai unguwa,
ba rawani, ba sanda, littafi kawai:
suna a dama, lamba a hagu.
Duk wanda ya farka ya je ya faɗi inda ya kwana.
Na bi layi-layi ina goge lambobin
da na kafe da hannuna,
har da wata da na ɓoye wa kaina a layi na tamanin.

Na ja wa kwamfuta kunne:
sunan da ya zo da wutsiyar unguwarmu
kada ki kai shi duniya cigiya,
tambayi mai unguwa.
Wanda bai sani ba, shi zai tura gaba.

Gwajin farko ya ƙi.
Ta riƙe amsar jiya kamar tsohuwa da ƙullin goro.
Na kwance mata haɓar zane, na sake kira:
ma'aji!
Buhu ɗari uku da arba'in suka fito a allo,
jere, da sunan mai kowane.

Da magariba wuta ta sake tafiya.
Na yi alwala da ruwan da rana ta dafa.
Ta dawo, lambobi sun sake rawa,
ban ko leƙa ba.

Gobe zan karɓo batir.
Na lalubo waya, na rubuta Jelani,
ta yi ƙara, ya ɗaga.
Ko da wuƙa a wuya
ba zan kawo maka lambarsa ba.